Daɓen da Bai Taɓa Bushewa Ba

Ni Gaje, ni ce yayar Nomau, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka kada wani ya ce ƙage nake yi masa. Ni na goye shi, na kuma san irin abin da na goya. Nomau ba mahaukaci ba ne, kuma ba shi da mugunta ko kaɗan. Manomi ne kamar kowa a Marken Dawa, gonarsa ma ta fi ta wasu masu wayon kyau. Ciwonsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Muna yara Inna ta ce ya riƙe mata akuya har ta dawo daga rijiya, sai ta biya gidan suna ta manta. Da la'asar aka same shi riƙe da ƙafar akuyar, shi da ita duk sun gaji da kuka. To, haka ya girma, haka ya yi furfura.

Mutum uku ne a gidansa. Shi, da matarsa Tasalla, wadda Allah ya ba haƙuri ya kuma ba ta wurin gwada shi, sai autarsu Sahura. Sahura tana aji uku a ƙaramar sakandaren garin da ke gaba da mu, a keke take zuwa. A can ta koyo ƙwallon gora, wasan nan da ake bugun ɗan ƙwallo mai tauri kamar goriba da sanda mai lanƙwasasshen kai. Ni da farko shiririta na ɗauke shi. Sai ga labari cewa nan da wata biyu za a yi gwaji a babban birnin jiha, kuma duk yarinyar da aka zaɓa za a ba ta gurbi a makarantar kwana ta can. Makarantar su Sahura a aji uku ta tsaya, babu wata a kusa. In ba a zaɓe ta ba karatu ya ƙare ke nan, sai ta jingine keke ta ɗauki taɓarya. Yarinyar kuwa tana son karatun nan kamar ranta.

Wata rana malamarsu ta wasanni, Malama Larai, ta zo gidan a kan babur, ni kuma na je kai wa Tasalla daddawa. Ta durƙusa ta gaida Nomau, ta yi masa bayanin cewa filin birni ba irin nasu ba ne mai rairayi. Sabo ne, ita kanta ba ta taɓa ganinsa ba, amma an ce mata sumul yake, ƙwallo gudu yake yi a kai. Saboda haka a samar wa Sahura wuri mai santsi a gida, kamar faɗin tabarma biyu, ta riƙa gwada bugu safe da yamma. Ta ce 'yan birni faffaɗan katako ko roba suke shimfiɗawa. Sai ta ƙara da cewa, "Amma Baba, duk abin da yake a shimfiɗe ya yi, ko da ƙyaure ne." Ni da Tasalla muka dubi juna, amma magana ta riga ta fita. Kafin ƙarar babur ta ɓace Nomau ya ɓalle ƙyauren zaure ya kwantar a tsakar gida. Ƙyauren kuwa na buɗaɗɗen duro ne, duk ƙusa da lotsawa. Sahura ta buga sau ɗaya, ƙwallo ya yi tsalle ya faɗa cikin randa. Muna kan tsamo shi awakin unguwa suka ga zaure a buɗe, suka shigo ko sallama babu, suka cinye shanyar kuɓewar Tasalla tas. Da Tasalla ta tambayi Nomau dalili, ya amsa mata a natse, "Malama ta ce ƙyaure. Ba ta ce a bar shi a jikin ƙofa ba."

A nan ne na ce a ba ni wuri. Shekara talatin ina jan daɓe a garin nan kafin siminti ya zo ya kashe mana kasuwa, kuma har yau madaɓina yana ƙarƙashin gado. In aka zuba tsakuwa da jar ƙasa, mata suka daɓe shi da kyau, aka shayar da shi ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, wallahi sai ka ga fuskarka a ciki. Na ce ni zan yi wa 'yar ƙanena daɓen da ƙwallo zai gudu a kai har ya gaji. Da na san abin da ke gaba da na ɗan rage cika baki.

Wata rana na aiki Nomau busasshen rafi ya ɗebo tsakuwa. Don kada ya kwaso mini duwatsun murhu, na ɗauki ƙwayar wake ɗaya na nuna masa, na ce kamar wannan, kada ta fi, kada ta gaza. Aikin rabin yini ne. Kwana uku ba mu ga tsakuwa ba. A na huɗu na ɗaura zani na bi shi rafin, na tarar da shi zaune a rana tsaka, yana ɗaukar tsakuwa ɗaya-ɗaya, ya fito da waken daga bakinsa ya gwada, in ta yi daidai ya jefa a ƙwarya, in ba ta yi ba ya ajiye ta gefe da ladabi. A baki yake ajiye waken wai don kada ya ɓata. Wake kuwa ya sha yawu ya kumbura, don haka tsakuwar ranar farko ƙarama ce, ta rana ta uku ta kusa kai gurjiya, shi kuma abin yana damunsa, yana cewa tsakuwar rafin nan kullum ƙanƙancewa take yi. Haushi ya kama ni. Na karɓi waken na jefar, na sa rariya na tankaɗe buhu biyu kafin azahar. Har muka iso gida yana waiwaye, yana tambayata da me za a gwada ta gobe.

Wata rana, ranar daɓen ke nan, na tara matan unguwa su goma sha biyu, Tasalla ta dafa dambu. Kowa ya san daɓe aikin mata ne. Ana ajiye mayafi, a ci ɗamara, a jeru a durƙushe ana buga madaɓi tare, ana waƙoƙin da ba a son kunnen namiji ya ji, don yawancinsu a kan maza aka yi su. Tasalla ta raka Nomau zaure ta ce, "Malam, ka zauna a waje. Kada ka shigo sai ka ji mun daina waƙa." Muka kama aiki. Waƙar farko ta ƙare, mun ɗaga kai ke nan mu sha iska, sai muka ji sallama, ga Nomau a tsakiyarmu yana yi mana sannu da aiki. Mata suka watse, mai jan mayafi na yi, mai faɗawa bayan rumbu na yi. Na ɗauko wata waƙar da sauri, ya juya ya fita abinsa. Tana ƙarewa ya dawo. Sau bakwai muna haka. Daga ƙarshe sai muka riƙa haɗa waƙa da waƙa ba numfashi, wannan na saki waccan na cafewa, har muryoyi suka dishe. Gaskiyar Allah, ban taɓa ganin daɓen da ya daku kamar wannan ba, don ba wadda ta yarda hannunta ya tsaya. Amma daga washegari kwana biyu na yi ina magana da hannu.

Da yamma na shayar da daɓen makuba, ya yi baƙi yana sheƙi. Kafin in tafi gida na kira Nomau na ba shi umarni biyu, kuma a nan ne laifina ya fara. Na ce kada kowa ya taka, ko kaza, har sai ya bushe. Na kuma ɗauki bokiti na nuna masa yadda zai riƙa yi masa ruwa safe da yamma don kada zafin bazara ya tsattsaga shi. Ya ce to, Yaya.

Wata rana, bayan mako guda, na leƙa in ga yadda bugu yake tafiya. Na tarar da Sahura zaune a bakin ɗaki da gorarta a cinya, idanu sun yi ja. Ko sau ɗaya ba ta hau daɓen ba. Nomau ya kewaye shi da ƙaya, ya kafa turmi a gefe yana gadi da sanda. Da ya ga daɓen ya fara shan iska sai lokacin ruwa ya yi, ya kwarara masa bokiti, sannan ya sanar da gida cewa bai bushe ba tukuna. Tasalla ta ce har mai unguwa da ya shigo gaisuwa sai da aka sa shi ya bi ta jikin katanga kamar ƙadangare. Kwana bakwai cikin sittin sun tafi a banza, ban da waɗanda wake ya cinye. Na kwashe ƙayar da hannuna, na hau daɓen na yi tsalle a kai da tsufana, na ce kowa ya taka, kaza ma ta taka. Sai idona ya kai kan wata 'yar tsaga a gefe ɗaya, siririya kamar zare. Na ce, "Ruwan dai ka ci gaba da yi, safe da yamma, sai na ce ka bari." Nufina jibi in dawo in ce ya bari.

Wata rana, washegarin wannan ke nan, Sahura ta jera bulo biyu a jikin katanga a matsayin raga, ta roƙi ubanta ya tsaya mata a tsakani. Ta ce, "Baba, aikinka ɗaya ne. Kada ka bari ƙwallon nan ya wuce ka." Ta ajiye ƙwallo a kan daɓe, ta ja da baya, ta gyara tsayuwa. Nomau ya tako a hankali ya sunkuya ya ɗauke ƙwallon, ya zura a aljihu, ya koma tsakanin bulo ya harɗe hannu. Ta yi magiya, ya ce in ya ba ta bugawa za ta yi, in ta buga kuwa zai iya wucewa. Da ƙwallon ya tafi gona, da shi ya tafi masallaci. Sai da yamma Tasalla ta zauna ta ƙulla maganar yadda ba ƙofar fita: ya tsaya tsakanin bulo, kada ya taɓa ƙwallo sai an buga, in an buga ya tare. Ta ɗaura masa tsofaffin buhuna a ƙwauri, ta kifa masa kwando a kai. Daga ranar, in faɗi gaskiya, ba a yi mai tsaron raga irinsa ba. An ce ya tare, to tarewa yake yi, da ƙafa, da ciki, da haƙarƙari, ko ƙiftawa ba ya yi. Sai da Sahura ta koyi aika ƙwallo can kusurwar da ko hannunsa ba ya kaiwa.

Ban dawo jibin ba. Da sassafe aka aiko cewa 'yata ta haihu a wani ƙauye can bayan dutse, haihuwar fari, ni zan yi mata wankan jego. Na ɗaure kaya na hau mota, daɓe ko a raina. A kwana na biyu wayata ta zame daga ƙugu ta faɗa tukunyar ruwan wanka yana tafasa, ta dahu tare da ganyen darbejiya. Kwana arba'in ba wanda ya ji ni, ba wanda na ji.

Abin da ya faru a bayana daga bakin Tasalla na ji shi. Bazara ta kai bazara, rijiyar unguwa ta ja baya, sai a wadda ke bakin fadama ake samu. Nomau yana zuwa can da jarka, ya dawo yana haki, ya bar randa wayam ya juye a kan daɓe. Safe da yamma, daidai lokacin da Sahura take fitowa da gora. Daɓen da ya sha makuba in ya jiƙe kuwa santsi yake yi kamar an shafa karkashi. Makon farko yarinyar ta fi zama a ƙasa a kan tsayuwa. Ƙwallo kuma ko taɓa shi ta yi sai ya tsere. Ta yi kuka, ta roƙi ubanta. Tasalla ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ɓoye bokiti, ya koma yi da ƙwarya. Ta ce masa ai Yaya kwana biyu take nufi, ya ce shi bai ji ta ce kwana biyu ba. Malama Larai ta zo ta gani ta riƙe baki, ta ce Baba ai sai a bari ya bushe. Ya ce, "Malama, ke kika ce ƙyaure, na yi. Wannan kuma Yaya ce ta ce, ita za ta ce a bari." Da Sahura ta ga ba sarki sai Allah, ta share hawaye ta ci gaba a kan jiƙaƙƙen. Ta koyi rage tsawo, ta koyi gajeren taku, ta koyi kwantar da gora ta tarbi ƙwallo a hankali kada ya tsere.

Ana gobe gwaji na dawo. Na shiga da sallama, na ga Nomau tsaye da bokiti, daɓe yana ɗigar ruwa, na ga tabon faɗuwa a gwiwoyin Sahura duka biyu. Nan take maganata ta dawo mini, na zauna a kan turmi. Kunya ta kama ni, da baƙin ciki, don na san ba Nomau ya cuci yarinyar nan ba, ni ce, ni da na fi kowa sanin halinsa. Na ce, "Ka bari, Nomau. Don Allah ka bari." Ya ajiye bokitin da sauran ruwa a ciki, ya ce to, Yaya, sannu da hanya. Na kama hannun Sahura na ce ta yafe mini. Ta ce ba komai Gwaggo, amma ba ta dube ni ba.

Wata rana, ranar gwajin, muka tafi birni mu huɗu, ni da Nomau da Sahura da Malama Larai. Ni dai na bi ne don in an dawo da kuka a yi shi a kafaɗata. Filin kore shar, ashe ba ciyawa ba ce, wata irin darduma ce ta roba aka shimfiɗa tun daga wannan bango har wancan. 'Yan mata sun fi ɗari, daga makarantu iri-iri, yawancinsu irin su Sahura ne, a rairayi suka koya. Muna zaune a inuwa ana kiran suna, sai ga wasu maza sun jawo manyan mesa. Suka buɗe ruwa. Na ɗauka wanke wurin za su yi. Ina! Suka yi ta kwarara, lungu-lungu, har filin ya riƙa ƙyalli, in an taka ruwa ya tsarto. Malama Larai ta je ta tambayo, ta dawo jikinta a sanyaye, ta ce wai haka ƙa'idar irin wannan filin take, ba a wasa a kansa sai an jiƙa shi sharkaf. Ita ma yau ta fara ji.

Aka busa usur. 'Ya'yan mutane, abin tausayi. Wadda ta saba dukan ƙwallo da ƙarfi don ya ratsa rairayi, ta doka ya fice daga fili. Wadda aka miƙo wa, kafin ta sauke gora ya wuce ta tsakanin ƙafafu. Masu gudu da dogon taku suna juyawa sai ka ji tim. Sahura kuwa ta shiga kamar tsakar gidansu. Ta rage tsawo, tana 'yan gajerun takunta, ƙwallo ya zo a guje ta kwantar da gora ya tsaya cak. Mai tsaron ragar tasu ta sha sulke har ka, amma in ƙwallo ya taso sai ta ɗan kauce, ba kamar wani mai kwando da na sani ba. Sau huɗu Sahura tana aika shi kusurwa. Wata mata mai riƙe da takarda ta tsayar da wasa ta tambaye ta a wane fili take atisaye. Ta ce a daɓen Gwaggonta. Sunanta ne na uku da aka kira.

Na rasa inda zan sa kaina, ina dariya hawaye na zuba. Na juya in ga Nomau, babu shi. Can na hango shi a bakin fili, ya je wurin wani dattijo cikin masu mesa, wanda ya sake buɗe ruwa don rukuni na biyu. Na bi shi da sauri kada ya jawo mana magana. Na iske ya dafa kafaɗar mutumin, yana dubansa da tausayi, yana cewa, "Sannu, ɗan'uwa. Kai ma yayarka ba ta ce ka bari ba?"

Bayan sati uku Sahura ta tafi makaranta da akwatinta da gorarta. Ranar gidan ya yi shiru. Na tarar da Nomau tsaye a bakin daɓen, ya bushe ƙayau, har ya fara tsagewa a gefe. Bai ce komai ba, don ba a tambaye shi ba, amma ni na goye shi, na san fuskarsa in abu yana cinsa. Na ce yarinyar nan za ta dawo hutu, kuma ba a jiƙaƙƙe ta saba ba? Tasalla ta harare ni, ta mintsine ni a cinya, na yi kamar ban ji ba. Na miƙa masa bokiti na ce, "Safe da yamma, sai na ce ka bari."

Shekara biyu ke nan. Ko da damina, in ruwan sama ya ɗauke, yana fitowa ya ƙara nasa. Tasalla tana yi mini ƙorafi duk ranar kasuwa, ni kuwa har yau ban ce ya bari ba.